Kafin a gwada maganin zuciya a kan mutanenmu

Ga abin da na tsinta daga tattaunawar wasu likitoci da malaman jinya a Sakkwato, kan yadda kwamitin masana zai tantance tsarin gwajin maganin zuciya.

An fi daɗewa a kan takardar amincewa, wadda mara lafiya ke sa wa hannu in ya yarda a gwada maganin a kansa. Suka ce a rubuta ta da Hausa, da ajami ma in ta kama, a karanta wa mara lafiya a tsanake. Ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a Arewa, don haka masu jego za su shigo. Izinin maigida ba ya maye gurbin yardar matar da kanta. Wannan kam na goyi baya, ganin yadda gwajin Trovan, maganin da aka gwada a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, ya zubar da amana.

Wata malamar jinya ta ce kwamiti ya tambaya: mai shan maganin sa fitsari, yaya zai yi da azumi a zafin Afrilu? An yi lissafin yadda kunun kanwa da wankan jego za su iya shafar zuciyar mai jego kuwa?

Sai kuma suka ce a samu masu sa ido na daban, masu ikon tsayar da gwaji in illa ta bayyana. Amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wajibi ce, wannan ba a ja ba.