Na biya bashi sun ce ban biya ba, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Hanif, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar wanda abin ya taɓa faruwa da shi. Na ci bashin dubu ashirin a wata manhajar waya na ƙara jarin atamfa, na biya ta POS tun kafin wa'adi, risit ɗin ma yana cikin jakata, yanzu wai ba su ga kuɗin ba kuma ruwa ya hau ya kai dubu talatin da biyar, kira safe kira dare, jiya har surukata suka tura ma saƙo wai ni macuciya ce. Wlh ko barci ban iyawa.

Baban Ummi, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki ƙara masu ko kobo. Nima sun yi mani haka, na daina ɗaukar kiransu nace duk maganar da za mu yi a rubuce, su turo mani lissafi, nawa na amsa, nawa na biya, wannan ruwan daga ina ya fito. Ko a shari'ar Musulunci ai hujja kan mai da'awa take. Risit ɗin nan ki ɗauki hotonshi yau yau, rubutun takardar POS gogewa yake in ya daɗe, ki koma wurin mai POS ɗin ya ciro maki lambar shaidar tura kuɗin. Ni daga nan na kai koke FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, tun 2022 ta wajabta ma masu ba da bashi ta waya su yi rajista kuma akwai jerin sunayensu a shafinta. Da na duba nawa babu su ciki, ina faɗa masu haka kiran ya tsaya.

Anti Malama:
Saƙon da suka tura ma surukarki shi ya fi ci mani rai. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, hukumar NDPC ke kula da ita, kuma Google ma tun shekarar ya hana irin manhajojin nan shiga lambobin waya da hotuna. Ki roƙi surukar taki kar ta goge, ki ɗauki hoton saƙon da lambar da ta turo. Ni ƙanwata suka yi ma, muka haɗa duka cikin koken.

Na Daura:
Nawa ba na waya ba ne. Taki na amsa bashi wurin wani dila, ni na san buhu goma sha biyu na ɗauka shi yace sha biyar, kuma ba mu rubuta komai ba. Sai ya zo da 'yan sanda, ban nan, suka tafi da ƙanena. Lauyan da muka samu shi ya nuna masu dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma an hana kama wani a madadin wani. Suka sake shi, magana ta koma kotu, can aka kira direban da ya yi dakon ya ba da shaida.

Malam na firamare:
In banki ne a kula da GSI, tsarin da babban bankin ƙasa CBN ya fara a Agustan 2020, in ba ka biya bashi ba ta BVN ɗinka za su iya cire kuɗi daga asusunka na wani bankin daban. Sun cire mani har da kuɗin tara, alhali uwar kuɗi da ruwa kaɗai tsarin ya yarda a cire. Na rubuta ma bankin takarda na sa suka buga mani hatimi a kwafina, sati biyu shiru na tura ma sashen kare abokan hulɗa na CBN, daga baya suka maido tarar.

Alhajin kasuwa:
Duk na yarda, amma wanda ya san ana bin shi da gaske ya biya, mu ma muna wahala da masu taurin bashi.

Maman Hanif:
Alhaji ni na biya nawa wlh. Na gode maku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga wurin mai POS, ya ba ni lambar. Baban Ummi dan Allah koken da Hausa ka rubuta ko sai na nemi wanda zai rubuta mani da Turanci?