Taƙaitawa: girka Python (harshen rubuta manhajar kwamfuta) a kwamfutar tebur

Ga abin da na tsinto daga dogon bayanin da 'yan uwa suka yi:

1. Baki ya zo ɗaya cewa daga python.org za a sauke, kuma Python 3. An daina kula da Python 2 tun 2020.

2. Nan aka fi daɗewa. A Windows, shafin farko na girkawa yana da ɗan akwati a ƙasa na saka Python cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa idan an kira manhaja da sunanta. Yawancin masu kukan "na girka amma ta ƙi tashi" sun tsallake shi ne. Wanda ya manta ya sake girkawa, sannan ya rufe tagar umarni (Command Prompt) ya buɗe sabuwa, ya rubuta python --version. Lamba ta fito, an gama.

3. Mai Windows 7, iyakarsa Python 3.8.

4. Masu Linux kada su cire Python ɗin da ya zo da tsarin, manhajoji da yawa sun dogara da shi.

5. Kowane aiki da nasa venv (keɓaɓɓen wurin ajiye kayan Python na aikin), kafin a taɓa pip, abin da ake girka ƙarin kayan Python da shi.

An rabu a kan Anaconda, wani babban kunshin Python na daban. Masu nazarin bayanai na yabonta don ta zo da kaya a haɗe, wasu suka ce tana cin data da wurin ajiya. Ni dai ina ganin ɗan koyo ya fara da ƙaramin, wato na python.org.