Allon tsohon injin wasana ya mutu, fis sai ƙonewa yake

Assalamu alaikum. Masu gyaran talabijin irin na da, ku taimaka min. Na sayi tsohon injin wasa na tsaye, irin wanda ake jefa wa kwabo, mai Street Fighter II na Capcom, fitowar 1991. Allonsa mai ƙeya ne, Wells-Gardner K7000, inci 25.

Kiɗa na tashi lafiya lau, wasan yana tafiya, amma allo baƙi ƙirin. Wuyan kwalbar, wato bututun gilashin da ke nuna hoto, ba ya yin ja ko kaɗan.

Sai da na sauke cajin kwalbar kafin na taɓa komai, kada ku damu. Na tarar fis ya ƙone, tiransista D1398 ta haɗe. Na sa sababbi, ko daƙiƙa uku ba a yi ba suka sake ƙonewa. Tiransista biyu ke nan na yi asara, saura ɗaya tal a hannuna.

Zargina yana kan fulaibak, wato tiransifomar da ke ba kwalbar wuta mai ƙarfi, don na ga ɗan tsagi a jikinsa, sai dai ba ni da abin gwada shi, mita kawai gare ni. Ko kafasito ɗin da ke kusa da tiransistar ne yake kashe ta? Wanne zan fara cirewa kafin in sadaukar da ta ƙarshen?