Matan Legas a Kan Allo, Mu Kuma a Kabi

Ƴar Ɗinki, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Zangon farko na shirin The Real Housewives of Lagos ya ƙare. Ga wanda bai gani ba, manhajar kallon finafinai ta Showmax ce ta fara nuna shi ranar 8 ga Afrilu 2022: mata shida masu hannu da shuni a Legas, kamara na bin su gida da shago da wurin biki. Asalinsa daga Amurka ne, can aka fara irinsa a 2006. Ni dai ya burge ni. Wanda bai yarda ba ya amsa mini da baiti.

Bismillahi na ɗau alƙalami na zauna,
Zan waƙe mace mai riƙe da sana'arta.

Mata shida na gani cikin Legas,
Kowacce da hanyar da take samun nata.

Toyin Lawani tela ce kamar ni,
Da zare da allura ta gina sunanta.

Chioma Ikokwu ta karanci shari'a,
Gashin kanti ta mayar kasuwarta.

Iyabo Ojo fim ta daɗe tana yi,
Tun kafin shirin nan an san fuskarta.

Ni ba faɗansu ne ya zaunar da ni ba,
Ɗinki na bi, wuya da hannun rigarta.

Nakan tsai da hoton in ƙura ido,
In gano yadda aka tattare kafaɗarta.

A nan mace in ta tara ƴan kuɗi,
Ɓoyewa take don bakin dangin mijinta.

Can ko ta fito fili ta ce nawa ne,
Ba ta jin nauyin faɗin ribarta.

Ku bar ni in so abin da na so a ciki,
Wadda ta ƙi shi ta zo da hujjarta.

Na-Aliero, mai albasa:

Ƙanwata, ni Legas ba a waya na san ta ba. Can nake kai kaya, kasuwar Mile 12.

Ƙanwata, waƙarki ta yi daɗi,
Amma Legas ɗinki ba tawa ce ba.

Daga Aliero muke lodin albasa,
Mu bi Jega, Yawuri, ba mu runtsa ba.

Kontagora, Mokwa, gadar Jebba,
Ilori, Badun, hanya ba ta ƙare ba.

Mu sauka Mile 12 da asuba,
Cikin taɓo, ba kan kafet ba.

Yaran da ke sauke buhu da ka,
Ƴan Kabi ne da Sakkwato, ba baƙi ba.

Kan benci suke kwana ko cikin rumfa,
Kamarar shirin ba ta bi ta nan ba.

Ikoyi da Lekki, nan ta fi wayo,
Ba ta ƙetaro gada ta gan mu ba.

Miyar da aka sha a wurin liyafa,
Ba don albasarmu ba, da ba ta shawu ba.

Ban ƙi mai arziki ba, Allah ya ƙara,
Amma rabin gari bai zama gari ba.

Gwaggo ta Argungu, mai gyaran shinkafa:

Jikata ta gwada min shi ga waya, ita ka rubuta min wanga. Ɗana na Aliero ya tuna min: a 2016 gwamnatin Legas da ta Kebbi sunka haɗa hannu, shinkafar fadamarmu anka zuba buhu anka sa mata suna LAKE Rice anka kai musu. To mai ci da su yana da ta cewa.

Ɗiyata mai ɗinki, matso ki jiya,
Ni ma da idona na yi dubawa.

Na ga gidaje, na ga zinari,
Na ga tufan da ba a maimaitawa.

Na ga tebur shaƙe da abinci,
Na jira in ga kwanon da aka aikawa.

Kwanon maƙwabta, kwanon marayu,
Na tsohuwar da ƙafa ta daina kaiwa.

Har anka tashi ban ga ko ɗaya ba,
Wataƙila suna yi, allo ba ya nunawa.

In ko suna yi anka yanke wurin,
To mai shirin ya san abin da shika sayarwa.

Nan Argungu mace in ta samu,
Ƙofar gidanta ka shaida, ba sai da faɗawa.

Shekarar 2020 da ruwa ya ci fadama,
Na san matan da sunka buɗe rumbu suna rabawa.

Babu mai hoto, babu mai tafi,
Su ne manyan matan da nika ƙirgawa.

Ki koyi ɗinkin, Allah shi yi albarka,
Amma ki bar musu zaman zagin ƙawa.

Mai Kamara, Jega:

Gwaggo, a gafarce ni in sa baki gaban manya. A Fabrairun 2022 jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aiki, ni kuwa na kama ɗaukar bidiyon biki kafin a koma aji. Na ɗan san yadda ake haɗa irin wannan.

Gwaggo, kin taɓo inda maganar take,
Yankan hoto shi ne uban aiki.

Ana ɗaukar yini guda cur,
Minti kaɗan ake bari a ciki.

Gaisuwa da addu'a da zaman lumana,
Su ake fara cirewa, ba sa ba da mamaki.

Harara guda in ta gilma,
A matso da fuska, a sa kiɗa, a jira tsaki.

Sannan a zaunar da kowacce ita kaɗai,
Ta fuskanci kamara ta saki baki.

A tambaye ta ya ta ga halin wance,
Amsar a liƙa ta a tsakiyar biki.

A ƙarshen zango a tara su gaba ɗaya,
A fama wa kowacce tsohon miki.

Faɗan ke sa a biya kuɗin kallo duk wata,
Da shi kamfani ke cika asusun banki.

Mu ma in mun haɗa bidiyon aure,
Liƙi ake so da rawa da ƙyalƙyalin jiki.

Uban da ya sai da gona ba ya fitowa,
Ko da shi ya biya kuɗin kayan ɗaki.

Malam na Gwandu:

Allah ya yi muku albarka gaba ɗaya. Ga nawa, kuma da ƴar ɗinki nake.

Ɗiyata, sana'a ba ta zama sharri,
Nana Khadija ma ta juya jari,
Ta aika fatauci Sham an dawo da alheri,
Mace mai nema ta cancanci kirari,
Ƙorafina ba ya kan dukiya.

Shirin ya fito muna cikin azumi,
Watan da ake kame harshe daga ɗumi,
Yara na kallo, ni na yi tagumi,
Ana cin naman juna ba wani jimami,
Masu kallo na tafi, an ajiye kunya.

Abin da ƙawa ta faɗa miki amana,
A ɗaki da dare, ranta yana ƙuna,
In kin kai shi kasuwa don ki yi suna,
Kuɗin da ya shigo ba ya maido da ƙauna,
Ba ya ɗinke abin da ya yage a zuciya.

A ƙasar nan Nana Asma'u ta kafa ƴan taru,
Jajoji na bin ƙauyuka don mata su ƙaru,
Da waƙa ta koyar, gidaje suka gyaru,
Sunanta bai ɓace ba duk da shekaru,
Ba ta tona asirin kowa ba a duniya.

Ƴar Ɗinki, Birnin Kebbi:

Malam na gode, na ji nasiharka,
Amma giba ba Legas ba ce mahaifarta.

Je gidan suna nan unguwarmu,
Kafin a raba goro an ci naman wata.

Su sun san ana ɗauka, sun sa hannu,
Mu kuwa yi muke a bayan idonta.

Abin da ke damuna yana shagona,
Yarinya ta zo da hoto a wayarta.

Ta ce irin na Toyin za ki ɗinka min,
Ban ga kuɗin leshi ba a jakarta.

Anko uku ta ɗauka bikin ƙawa,
Na kamu, na dina, na ranar kai ta.

Uwarta ta kwashi adashi tun kan lokaci,
Ta sai da tunkiya, ta jinginar da sarƙarta.

Nakan zaunar da ita in buɗe atamfa,
In nuna mata ɗinkin da ya dace da ƙarfinta.

Salon na Legas ne, yadin na kasuwarmu,
Hannu dogo, wuya rufe, ga mayafinta.

Wata ta yarda, wata ta yi fushi ta tafi,
Ta ci bashi wani wuri ta cika burinta.

Amaren da ke kai ɗinki Kano da Abuja,
So nake kowacce ta dawo garinta.

Wannan na ɗauko daga matan shida,
Mace ta sa farashi, ta tsaya kan maganarta.

Na-Aliero, mai albasa:

Ƙanwata, abin da ke zuwa shagonki,
Ni ma a tasha bai bar ni na huta ba.

Yaro ya zo ya ce in ɗora shi kan lodi,
Bai ko gama sakandare ba.

Ya ga motoci a waya, ya ga benaye,
Bai ga kuɗin hayar ɗaki a Agege ba.

Nakan ce ya bari a cire albasa,
Ya tafi da jari, ba hannu rabbana ba.

Wasu sun ji, wasu sun bi wata mota,
Har yau iyayensu ba su ji muryarsu ba.

Gwaggo ta Argungu:

Ɗiyata, kin kare kanki da kyau,
Bayan kaka jikata nika aurarwa.

Anko guda, atamfa, ke za ki ɗinka,
Faɗi farashinki, ba ni neman ragewa.

Kai ko mai kamara, ga sharaɗina,
Ka fara da madafa, inda aka dafawa.

Ka ɗauki masu tuƙa tuwon shinkafa,
Da yaran da ka kai kwano gidan kowa.

Malam shi zo ɗaurin aure, kai na Aliero,
Albasarka nika jira, kar ka yi mantuwa.

Mai Kamara, Jega:

Gwaggo na karɓa, ni ma da sharaɗina,
Sai kowacce ta yarda kafin in fara aiki.

Wadda ba ta son fuskarta a waya,
Zan ɗau hannunta da muciya, in bar sauran jiki.

Ki tambayi amarya ita ma tukuna,
Ita za ta riƙe faifan bayan biki.

In ta ce a sa liƙi da rawar ƙawaye,
Zan sa mata, Gwaggo, kar ki yi mamaki.

Ranar da kuka tsayar da sunan unguwa,
Ki turo min su ta hannun jikarki.