Neman shawara: ina so in yi master na bidiyo da sauti a waje

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa don Allah ku ba ni shawara kaina ya kulle. Na gama lisans, tun ina makaranta nake ɗaukar bidiyon biki, kyamarar ma kawuna ne ya sayar da saniya ya saya min, to yanzu kullum maganarsa in kama shago in yi aure, matarsa kuma duk inda ta zauna sai ta ce ai ɗanmu mai hoton amare ne. Ni kuma wallahi ba biki ne a raina ba, sauti nake so, in je bakin Binuwai da asuba in ɗauki ƙarar kwalekwale da muryar masunta in haɗa da hoto a nuna a ɗakin baje koli. Faransa ko Jamus nake tunani. Ta ina zan fara?

Yaya Usmanu: Wa alaikas salam ƙanena. Ka ba mu labarin saniya amma ba ka faɗi lisans ɗin me ka yi ba, ba ka faɗi nawa ke hannunka ba. Saurara. Faransa sai ka bi ta Campus France, hukumarsu mai kula da ɗalibai baƙi, ka cika dosiye a intanet, a yi maka intabiyu, ka shirya hawa jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde. Wajen biza a 2025 sai an nuna yuro 615 na kowane wata, sefa dubu 400 da ɗoriya kenan, a shekara kusan miliyan 5. Tun 2019 kuma suka ƙara wa baƙi kuɗin makaranta, master ya haura yuro 3,700, wasu jami'o'in dai suna yafewa. Makarantun fasaha kuwa aikinka suke kallo, irin su Le Fresnoy a Tourcoing shekara biyu ne kuma da gasa ake shiga. Bidiyon kamu da ɗaurin aure ba zai kai ka ko ƙofa ba.

Ɗan Garwa: Yaya ai ba bidiyon biki zan tura ba, ina da nawa ayyukan a kwamfuta, montaj ne kawai, wato yankawa da haɗawa, ban ƙarasa ba. Kuma bikin nan da ake rainawa shi ya koya min riƙe kyamara.

Maman Hanifa: Hmm ni dai in na ji maganar waje gabana faɗuwa yake. Wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗin ƙanena ya ce zai haɗa masa takardun banki, har awarwarona na sayar, ga shi yau yaron yana tuƙa babur a Marwa, mutumin ko waya ba ya ɗauka. Allah ya isa.

Abba Kuseri: Jamus ta fi. Akwai makarantar fasahar midiya a Kolon, KHM, babu kuɗin makaranta sai na semesta, kuma sauti da bidiyon da kake so su ne sana'arsu.

Yaya Usmanu: Abba ka faɗi rabi ka bar rabi. Jamus sai ka zuba yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, ga Jamusanci. Yaron da ya tashi da Faransanci me zai kai shi? A Faransa ko ba komai ɗalibi yana da izinin aiki awa 964 a shekara.

Abba Kuseri: Can ma ai ɗalibai suna aiki Yaya, ba kai kaɗai ka taɓa fita ba.

Mahamat na Njamena: Ni na ce ka duba Wagadugu, akwai makarantar hoto da sauti, ga FESPACO, babban bikin fina-finan Afirka, a garin, kuɗinsu ma sefa ne. Ka yi suna a gida tukuna su da kansu za su neme ka.

Ɗan Garwa: Na gode amma ni ba fim nake so in yi ba, shi ne abin da ba wanda yake ganewa har a gida. Kuma ba dole sai ina da miliyan 5 ba ai akwai burs, tallafin karatu, na ji ana maganar DAAD ta Jamus mai ba da shi.

Yaya Usmanu: Burs ɗin ma da aiki ake nema. Ƙarasa montaj ɗin ka turo mu gani.

Ɗan Garwa: Wuta ce ba ta zama a unguwarmu Yaya, in sha Allah zan yi.

Fadi: Afuwan na shigo a tsakiya, don Allah wanda BTS, difloma ta shekara biyu, kawai ya yi shi ma zai iya nema ko sai ya ƙara shekara?