Musayar Waƙa: Ghost Rider Na Biyu, Wuta Ce Ko Hayaƙi?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau fim ne a gabanmu, Ghost Rider na biyu, wanda ya fito a 2012. Ga wanda bai san tushen ba: a na farko, na 2007, Joni Bilez mai wasan tsalle da babur ya ƙulla yarjejeniya da Iblis don a warkar masa da mahaifinsa daga ciwon daji. Bayan shekaru Iblis ya dawo karɓar bashinsa, daga nan in dare ya yi, ya haɗu da mugu, sai kansa ya koma ƙoƙo mai ci da wuta. Roksana ce masoyiyarsa a na farkon, a na biyu kuma wani yaro aka sa shi ya ceto daga hannun Iblis. Nikolas Keji ne ya fito a matsayin Joni a duka biyun. Amsa-amo "ta". Mai kare fim ɗin ya fito fili.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Batun wani fim wanda ya zo da cuta.

Na farkonsa mun gan shi mun yarda sosai,
Da bashin da Joni ya ɗauka da wauta.

Uba na ta tari, magani ya ƙi ci,
Takarda ta zo, sai jini ya taɓa ta.

Da safe uban ya ji sauƙi ya miƙe,
Da rana a fili ya faɗi ya kwanta.

A nan ne wutar nan ta samo dalili,
Maraici ya hura ta, shi ya riƙe ta.

Na biyun ya zo, sai na leƙa na duba,
Ina Roksana? Babu ko inuwarta.

Ina dattijon maƙabarta da doki,
Da ya jera da babur suna zub da wuta?

Shi Iblis kansa an canja mana shi,
Ya tsufa da kwat, fuska duk ta karkata.

Suka kwashe mu sai can ƙasar Romaniya,
Gudu dai, gudu dai, a babur da mota.

Auta:
Kai! Kai! Yaya Ɗan Kurmi ka kashe bakin kowa.

Yaya Ɗan Kurmi gwani ne na gaske,
Duk wanda ya ja da shi wallahi sai ya ji kunya ya tafi gida ya kwanta.

Na Tudun Jukun:
Auta, ɗangonka na biyu ya isa Kaduna mu muna Zariya. Bakano, ga naka.

Sannu da kuka ɗan Kanawa,
Kai soyayya kake biɗawa,
Ka je ga Indiya ka sha rawa,
Nan gun maza ne, je ka huta.

Ƙoƙon farko fari ƙal ne,
Ka gan shi ka san na kwamfuta ne,
Na biyun kuwa ƙonanne ne,
Baƙi ƙirin, hayaƙi na fita.

Rigar fata tana tafasa,
Kwalta na narke a ƙarƙashinsa,
Injin haƙar ƙasa ya hau kansa,
Ya mai da shi garwashin wuta.

Kuma ku riƙe wannan. A na farko, in kan ya kama da wuta, galibi ba Keji ba ne ke wasan. A na biyu shi ne da kansa, har fenti yake shafa wa fuskarsa a wurin ɗauka don abokan wasansa su ji tsoron gaske. Daraktocin biyu, Nebaldin da Tela, ba su zauna a kujera ba. Nebaldin takalmi mai taya yake sawa, ya riƙe kyamara, ya bi babur a guje. Wannan ne za a ce ba aiki ba?

Ɗan Kurmi:
Bazazzagi ya ga wuta ya rikice,
Ya kasa tambayar abin da ke hura ta.

Ina ce da kai labari, kana ce da ni fenti,
Ashe ɗan kwalliya ne, a kai shi ga mata.

Uwar Ɗakin Baiti:
Ɗan Kurmi, me mata suka yi maka? Mu muka rubuta fim ɗin? Da a bayanka nake, yanzu kowa zai sha nasa.

Ɗan Kurmi ka yi waƙa ka ɓata,
Ka taka mu kana neman mafita,
Ajiye wannan, zan dawo kanta.

Malam na Zazzau, kai ne gabana,
Kyamarar da ka yaba ta juya kaina,
Na tashi jiri na ɗiba na kwanta.

Da can in ya kalli idon mugu,
Zunubinsa ke dawo masa da gudu,
Ya sha azabar duk wanda ya cuta.

Yanzu fa? Yaro ya yi tambaya,
Aka nuna mana abin kunya,
Gwarzo na bawali da harshen wuta!

In gwaninta ce, Malam, ka daure,
Ka kira surukinka ku zauna a zaure,
Ku kalla tare, sa'an nan ka yabe ta.

Auta:
Anti ta gama da su! Ni dama tun farko a bayan Anti nake.

Na Tudun Jukun:
Auta, ɗazun ba Bakano kake yi wa tafi ba? Hajiya, a yi haƙuri, wurin daƙiƙu kaɗan ne, kuma surukina mutumin kirki ne, a cire shi daga ciki. Amma tsakani da Allah, Karigan bai ba ki dariya ba? Mugun da Iblis ya tayar, duk abin da ya taɓa sai ya ruɓe. Ya ɗauki abinci ya lalace a hannunsa, ya ɗauki wani haka, sai wani kek ɗin leda na Amurka ne kaɗai ya ƙi ruɓewa. Fim ɗin ya san wasa yake yi. Ku ne kuka shigo masa da fuskar ta'aziyya.

Hajiya kin zo da sanda,
Kin doki wanda bai yi gardama da ke ba,
Ni dai na ce wutar ta fi kyau,
Ban ce a yi koyi da ita ba, ki huta.

Uwar Ɗakin Baiti:
Ka ce "huta" sau biyu ke nan. Kalmomin sun ƙare a Zazzau ne?

Mai Lissafi:
Ni ba mawaƙi ba ne, amma ga lissafi. Na farko an kashe masa dala miliyan 110, ya kawo wajen miliyan 228. Na biyu aka ba shi miliyan 57, ya kawo wajen miliyan 132. Wato ba a yi asara ba. Rabin jari aka zuba, shi ya sa aka tafi Romaniya da Turkiyya inda aiki ya fi araha. Har an sa shi takarar Razzie, lambar da ake ba finafinai mafiya muni, ko ita ma bai ci ba.

Rabin kuɗi suka ba shi,
Rabin fim suka karɓa,
Kowa ya ci riba in ban da mai kallo.

Mai Unguwa:
Mai Lissafi, amsa-amo "ta" ne.

Mai Lissafi:
Ranka ya daɗe, ai na faɗa ni ba mawaƙi ba ne.

Sarkin Aruli:
Assalamu alaikum. Na yi shiru ina karatu, amma abin ya hana ni kwana. Ɗan Kurmi, kai kaɗ ɗauko karin waƙa na Mutaƙarab, ba wanda ya aza maka. Ɗangonka na hwarko lahiya lau, ƙahwar fa'ulun (gaɓa gajeruwa guda, dogaye biyu) huɗu cif. Na biyu hwa? "Batun wa" zihafi ne, wato ɗan sassauci a awo, an yarda da shi. Amma "da ya zo" gajeru biyu ne a jere sannan doguwa, ƙahwa ta ukku ta karye. Da kac ce "wanda yaz zo da cuta", da ta miƙe. Sauran na bar su don zumunci.

Ina gai da Ɗan Kurmi, baiti da daɗi,
Ƙahwarka ta ukku tana son a gyarta.

Kana ta faɗin fim shina ɗingisawa,
Ina taka sanda? Ka miƙe ka ɗau ta.

Ɗan Kurmi:
Allah ya gafarta Malam, ba zan ari bakin Sakkwato in ci albasa ba. Ni "ya zo" nake cewa a gidanmu. In na rera sai in ɗan ja shi, kuma kunne bai taɓa kawo ƙara ba.

Muna kan batun fim ka shigo da sikeli,
Ka kalle shi ma kuwa, ko ƙirge kake ta?

Sarkin Aruli:
In ka ja "ya" bayan "wanda", ka gyara kari ka ɓata nahawu. Zaɓi wadda za ka karya.

Na Tudun Jukun:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya! Gaskiya ɗaya ce. A ci gaba da auna Bakano.

Sarkin Aruli:
Kai Bazazzagi kada ka yi murna. Shi ƙahwa guda ta karye mai. Kai ban ma samu ƙahwar da zan auna ba.

Auta:
Malam ya haɗa su duka! Malam ne sarki.

Uwar Ɗakin Baiti:
Malam, da girmanka. Makaɗan baka da muka tashi muna ji ba su san fa'ulun ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa waƙarsu ta karye.

Sarkin Aruli:
Hajiya, su suna da kalangu da kotso na riƙe musu kari, ga 'yan amshi na cike gurbi. Wanda ya rubuta ba shi da mai ceto sai awo.

Uwar Ɗakin Baiti:
Malam na awo, awo ya yi kyau,
Amma baitinka biyu ne tun ɗazu har yau,
Mai sikeli, ina hajar da za mu saya ta?

Sarkin Aruli:
"Kyau" da "yau" sun yi. Na ukkun ya yi tsawo da yawa.

Ɗan Kurmi:
Hajiya, kin ga abin da muke fama da shi. Mu shirya kawai.

Uwar Ɗakin Baiti:
Ban manta da maganar kwalliya ba. Tana nan a ajiye.

Mai Unguwa:
Jama'a, tun la'asar ba wanda ya ambaci babur. Mai son aruli ya buɗe nasa zaman. A koma kan fim.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri, rezo ne ya ɗauke tun jiya, sai yanzu na ga an yi yaƙi an gama. Ni ɗan kabu-kabu ne, abin hawa nike kallo.

Na farko babur ne mai dogon wuya,
Ƙarfe na sheƙi, ga sarƙa a baya,
Na biyu Yamaha ce ta sha wuya,
Ta ƙone ƙurmus, ba mai sayen ta.

Sai Idris Elba da kwalbar giya,
Wai mai zuhudu ne na Faransa, ka jiya,
Harshen da ya karya ya ban dariya,
Mu mun ji Faransanci tun yarinta.

Ɗan Zangon Kumasi:
A'a, ɗan'uwa, a tsaya nan. Idris uwarsa 'yar Gana ce, ɗanmu ne. Mutumin da ya faɗo daga kan dutse da baya yana harbi bai saki bindiga ba, shi za ka yi wa dariya?

A zagi kowa a bar mana Idris,
Da ba shi ciki da tuni na fita.

Ɗan Maraɗi:
Ban zagi ɗanku ba. Na ce dai kada ya zo Maraɗi da wannan harshen.

Na Tudun Jukun:
Ɗan Kurmi, sai yanzu na gano ciwonka. A 2013 haƙƙin jarumin ya bar hannun kamfanin Sony ya koma kamfanin Marvel, a shekarar kuma aka hana acaba a Kano. Babur biyu ka rasa lokaci ɗaya. Da ya sake fitowa a talabijin a 2016, wani saurayi ne daban, Robi Reyes.

An hana goyo a birnin Dabo,
Bakano ya koma hawan A Daidaita.

Shi ma gwarzon ya jingine babur,
Ya dawo akwatin talabijin a mota.

Ɗan Kurmi:
Ka yi dariyarka, ga amsa.

A Daidaita na hau, na biya kuɗina,
Gwaninka ya ci bashi, biya ya gagara ta.

Masu zuhudu suka cire la'anar a kogo,
Da yaro ya hura ta dawo wurinta.

Abin da uba ya mutu a kai ya zama riga,
A tuɓe da safe, da yamma a sa ta.

Aljanin da muke tsoro an ce mala'ika ne,
Wutar ta koma shuɗiya, wai an wanke ta.

Iblis da ya ci Joni da takarda da dabara,
Da sarƙa aka ɗaga shi aka maka shi wuta.

In haka abin yake da sauƙi, Bazazzagi,
Me ya hana tun farko a yi a huta?

Na Tudun Jukun:
Hajiya, ki shaida, shi ma ya ce "huta".

Sarkin Aruli:
Ma'ana ta yi, ban da ja. "Gagara ta" kuwa ban san wa take nufi ba, bashi namiji ne. Ƙahwahu kuma Allah shi ba su lahiya.

Auta:
Yaya Ɗan Kurmi ya dawo da ƙarfi! Don Allah wanda yake da fim ɗin ya turo min, daga na farkon. In na kalla zan faɗi bayan wanda nake.

Uwar Ɗakin Baiti:
Auta, kwana biyu kana ta tafi,
Ka bi wancan, ka bi wannan, ka ce ni na fi,
Ashe ko fostar ba ka taɓa ganin ta!

Kuma ba mai turo maka, data ta yi tsada.