Baƙar fatar da ya yi wa Faransa yaƙi a sama: jarumi ne ko ɗan amshin shata?

Ɗan Bukoki: Jiya a fada na ce Eugene Bullard jarumi ne, aka yi mini caa. To ga shi na kawo nan. Baƙar fatar Amurka ne, haifaffen Jojiya a 1895. Ya gudu daga ƙasarsu yana yaro saboda wariyar launin fata, ya shiga sojan Faransa a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raunata shi a fagen daga na Verdun a Faransa a 1916, aka ba shi Croix de Guerre, lambar yabon jarumtar yaƙi ta Faransa. Da ya warke bai koma gefe ba, ya koyi tuƙin jirgin yaƙi a 1917.

Kawu na Tawa: Ɗana, ban musa bai da tsoro ba. Amma wa ya yi wa? Ƙasar da a lokacin take kwasar kakanninmu aikin dole. Wanda ya zub da jininsa don mai mulkin mallaka, ni bakina ba ya iya kiransa jarumi.

Malamar lakwal: Kawu, ka yi haƙuri, maganar nan ta taɓa ni. Kakana tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙin 1939, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Lambarsa tana nan cikin akwatin ƙarfen innata, an naɗe ta da tsumma, zaren jikinta duk ya koɗe. Idan Bullard ba jarumi ba ne, shi ma ke nan ka cire shi.

Kawu na Tawa: Ɗiyata, kakanki kama shi aka yi. Wancan da ƙafarsa ya je.

Ɗan Bukoki: Da ƙafarsa ya je, don can ne ya fara ganin an ɗauke shi mutum. Kuma ku dubi abin da ya hau: jirgin katako ne da aka lulluɓe da ƙyalle, kan matuƙi a waje, iska na dukan fuskarsa, babu laimar dirowa in wuta ta kama. Kusan sau 20 ya tashi a haka. Da Amurka ta shiga yaƙin ya nemi ya tuƙa mata, suka ƙi shi don fatarsa. A 1940 kuma, ya ba shekara 40 baya, ya sake ɗaukar bindiga a birnin Orléans na Faransa, aka sake ji masa ciwo.

Yayan fada: Ni abin da ke ci mini rai ƙarshensa ne. Mutum mai lambobin yabo fiye da goma ya ƙare yana hawa da sauka da mutane a na'urar hawa bene a New York. Sai 1994 sojan saman Amurka suka ba shi muƙamin laftanan, shekara 33 bayan mutuwarsa.

Kawu na Tawa: Ka gani? A 1959 Faransa ta rataya masa babbar lambar girmamawarta, Légion d'honneur, a shekarar kuma ta yi dokar daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka. Ba a ma zo maganar barikin Thiaroye na Senegal ba, inda sojan Faransa suka harbe namu sojojin Afirka a 1944 don sun nemi haƙƙinsu.

Malamar lakwal: Duk gaskiya ne, Kawu, ban cire ko ɗaya ba. Amma wannan laifin na waɗanda suka ci amana ne. Wanda ya shiga wuta da ransa fa, me ya yi?

Kawu na Tawa: Kan Bullard ina nan inda nake. Kakanki kuwa, Allah ya jiƙansa. In kin je gida ki ɗauko mana hoton lambar, ina son in gani.